Babi na Biyar: Shimfiɗa Burauza Kafin a Fara Bincike

Wata ɗaliba da ke shekarar ƙarshe a jami'a ta taɓa zuwa wurina da takardun aikinta na kammala digiri, idanunta sun kaɗa sun yi ja. Tana rubutu ne a kan fataucin goro tsakanin Gwanja da Kano. Malamin da ke duba aikin ya ja layi da jar biro a ƙarƙashin wata jimla, ya rubuta tambaya guda a gefe: daga ina? Jimlar tana da ma'ana, kuma har yau ina kyautata zaton gaskiya ce. Ta ce da idonta ta karanta ta a intanet wata uku da suka wuce, da daddare, a wayar yayanta. Sunan shafin ya ɓace mata, sunan marubucin ma haka, yayan kuma ya riga ya sayar da wayar. Muka shafe awa biyu muna lalube ba mu dace ba. Daga ƙarshe ta cire jimlar, ta cire sakin layi biyu da ta gina a kanta, ta tashi jiki a sanyaye.

Abin ya tsaya mini a rai domin yarinyar ba ragguwa ba ce. Ta nema, ta samu, ta fahimta. Hanyar komawa ce kawai ba ta bar wa kanta ba. Mu kuwa da muka tashi muna jin malamai a zaure suna jero wane daga wane daga wane kafin su faɗi hadisi, bai kamata wannan ya zama baƙon abu a wurinmu ba. Maganar da ba ta da isnadi, komai daɗinta, ba a gina hukunci a kanta. Haka bincike yake a jami'a da gidan jarida da kotu. A zamanin nan samun bayani ya yi sauƙi ƙwarai, inda ake faɗuwa shi ne ranar da aka ce nuna mana inda ka samo. Duk shirin da zan bayyana a wannan babi domin wannan rana ne.

Bari mu fara raba abu biyu da mutane da yawa ke haɗawa. Burauza ita ce manhajar da kake buɗewa don shiga intanet, kamar Chrome da Firefox da Edge da Safari da Opera. Google kuwa, ko Bing, ko DuckDuckGo, injin nema ne, wato shafi ne da kake zuwa ta cikin burauzar. Tim Berners-Lee ne ya rubuta burauza ta farko a 1990, yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da Geneva, kuma dalilinsa shi ne masana su daina ɓatar da takardun juna. Mosaic ta biyo baya a 1993, Netscape a 1994, Firefox a 2004, Chrome a 2008. Yau Chrome da Edge da Opera da Brave duk a kan tushe ɗaya aka gina su, wanda ake kira Chromium, shi ya sa wanda ya iya ɗaya ya kusa iya sauran. Da yawanmu ta Opera Mini muka fara sanin intanet, domin tana matse shafi a kwamfutocin kamfanin kafin ta aiko maka, data ba ta saurin ƙarewa. Ta yi mana rana. Sai dai aikin bincike mai tsawo ya fi son cikakkiyar burauza a kwamfuta, ko da ta aro ce.

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ya san almakashi da alli da awo kowanne yana da inda ake ajiye shi, hannun mai shagon yana kai wa gare su ko bai duba ba. Burauza kuwa yawancinmu yadda ta zo haka muke amfani da ita shekara da shekaru, alhali yadda ta zo an tsara ta ne don ta riƙe ka, ba don ta taya ka gama babi na biyu na aikinka ba. Ka buɗe sabon shafi, sai ga labarin ƙwallo, ga rigimar 'yan fim, ga tallar rance. Abu na farko shi ne ka shiga wurin saiti ka kashe duk wannan, ka bar shafin farko fayau. Ka hana shafuka aiko maka da sanarwa. Sannan ka buɗe wa bincike nasa ɗakin daban. Manyan burauzoji suna ba da damar mutum ya yi wa kansa fuska biyu ko fiye, kowace da nata tarihin shafuka da alamomi da kalmomin sirri. A ɗaya ka bar Facebook da YouTube da saye-saye, ɗayar kuma kada komai ya shige ta sai karatu. Amfanin wannan ya wuce kame kai daga shagala. Ranar da kake neman wani shafi da ka gani makonni shida baya, tarihin da za ka duba zai zama na karatu zalla, ba sai ka tsince shi daga cikin bidiyo dubu ba.

Akwai ƙananan saituna uku da ke ceton aiki a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama. Ka umarci burauzar ta riƙa dawo da shafukan da ka bari a buɗe duk lokacin da aka kunna ta. Ka sa ta riƙa tambayarka inda za ta ajiye duk abin da ka sauke, domin ka sa masa suna mai ma'ana tun a lokacin, sunan marubuci da shekara, maimakon jerin lambobin da ko kai ba za ka gane su gobe ba. Kuma ka haɗa ta da asusunka na imel, yadda alamomin shafi da tarihi za su bi ka zuwa waya ko wata kwamfutar. Da ɗalibar nan ta karanta shafinta a cikin asusun kanta, sayar da wayar yayanta ba zai shafe ta ba. Idan kuma hannunka ya kuɓuce ka rufe shafi, danna Ctrl da Shift da T tare, zai dawo.

Wata dabara da nake mamakin ƙarancin masu amfani da ita ita ce gajerun haruffan nema. A wurin saitin injin nema za ka iya ƙara duk shafin da kake yawan bincike a cikinsa, ka ba shi harafi ɗaya ko biyu. Misali ka sa adireshin scholar.google.com/scholar?q=%s ka ba shi haruffan gs. Wannan %s ɗin shi ne gurbin da kalmominka za su shiga. Daga ranar, in ka rubuta gs a gurbin adireshi, ka bi shi da abin da kake nema, kai tsaye za ka faɗa cikin sakamakon Google Scholar. Haka za ka yi wa Wikipedia ta Hausa da ta Turanci, da ƙamus, da ma'ajiyar jami'arku. Aikin minti biyar ne, amma mai nema sau hamsin a rana zai ji bambancin a yatsunsa.

Sai maganar 'yan ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza don ƙara mata aiki. A nan ina roƙon a yi taka-tsantsan. Yawancinsu suna neman izinin karanta duk abin da ke kan duk shafin da ka buɗe, har da na banki da na imel. Akwai wata mai suna The Great Suspender da mutane sama da miliyan biyu suka amince da ita, mai ita ya sayar wa wani, sabon mai ita ya cusa mata mugun abu, har Google ya cire ta a watan Fabrairun 2021. Waɗanda suka sa ta tun tana lafiya ba su yi laifin komai ba, canjin hannu ne ya ci su. Don haka kada su wuce uku ko huɗu, kowace ka san wanda ya yi ta da abin da take yi maka. Ni dai ina ajiye uBlock Origin, wadda Raymond Hill ya fitar a 2014, domin tana tare talla da masu bin sawu, shafi ya buɗe da sauri, data ta yi auki. Chrome ya daina karɓar cikakkiyarta, sai ƙaramar mai suna uBlock Origin Lite, amma a Firefox tana aiki yadda take, har a wayar Android.

Ta biyu, kuma wadda da za a ce in zaɓi ɗaya tak ita zan ɗauka, ita ce ta Zotero. Masana tarihi ne suka ƙirƙiro Zotero a Jami'ar George Mason ta Amurka a 2006, mutanen da suka san zafin ɓacewar madogara. Kyauta ce. Kana sa babbar manhajar a kwamfuta, ka liƙa ƙaramar a burauza. Duk lokacin da kake kan wata maƙala ko littafi ko labarin jarida, sai ka danna ɗan maɓallinta sau ɗaya. Nan take za ta kwashe sunan marubuci, da take, da sunan mujalla, da shekara, da lambobin shafi, da adireshi, da ranar da ka ziyarta. In akwai PDF ta sauke shi, in shafin intanet ne ta ɗauki kwafinsa yadda yake a wannan rana. Duk wannan yana zaune a kwamfutarka, kana iya karantawa ko babu sabis, ka ja layi, ka rubuta ra'ayinka a gefe. Lokacin rubutu kuma tana shiga cikin Word ko LibreOffice ko Google Docs ta jera maka manazarta bisa tsarin da sashenku ke so, APA ne ko MLA ko Chicago. In malami ya ce a sauya tsari ana saura kwana biyu a miƙa aiki, sauyin ba ya cin minti ɗaya.

Amma kada a sakar mata komai. Abin da shafi ya ba ta shi take kwasa, shafuka da yawa kuma ba su cika bayanansu daidai ba. Sunayenmu musamman suna shan wahala: za ka ga ta ɗauki sunan gari ta mai da shi sunan mutum, ko ta juya sunan uba ya koma na ɗa, ko ta zubar da ƙugiyar Ɗ. Ka duba kowace shigarwa a lokacin da ka yi ta, ka gyara, tun shafin yana gabanka. Sannan ka rubuta layi ɗaya da kalmominka: me ya sa na ajiye wannan? Bayan wata huɗu, wannan layin zai fi maka amfani fiye da taken maƙalar.

To, in shafin da kansa ya mutu fa? Wannan ba abin da ke faruwa jefi-jefi ba ne. Cibiyar bincike ta Pew ta bayar da rahoto a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke raye a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma. Wani nazari da aka yi a Jami'ar Harvard ya gano kusan rabin adireshin intanet da ke cikin hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka ba sa kai mutum ga abin da alƙalan suka nufa. In haka ta samu kotun ƙoli, ina ga shafin ma'aikatar jiha da ake sake ginawa duk sauyin gwamnati, ko jaridar da ta daina fitowa? Maganin da muke da shi shi ne Internet Archive, wadda Brewster Kahle ya kafa a 1996, da sashenta mai suna Wayback Machine da aka buɗe wa jama'a a 2001. Ka liƙa mataccen adireshi a web.archive.org, sau da yawa za ta nuna maka yadda shafin yake a shekarun baya, da kwanan watan kowane kwafi. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne kai ma kana iya sa ta ta ajiye shafi yanzu-yanzu, ta ba ka adireshin da ba ya sauyawa. Ɗan jaridar da ya ga wata sanarwa a shafin hukuma, ya san ana iya goge ta kafin gari ya waye, wannan ne shaidarsa. Hoton fuskar waya kowa na iya cewa haɗa shi aka yi. Kwafin da ke hannun wata ma'ajiya daban, da rana da sa'a a jikinsa, ya fi wuyar musantawa.

Yanzu mu zo kan neman kansa, inda mai bincike a kan ƙasar Hausa yake da wata wahala tasa ta daban. A wurin kwamfuta ƙ da k baƙaƙe biyu ne, kowanne da lambarsa, haka ɗ da d, haka ɓ da b. In ka danna Ctrl da F kana neman "kasa" a cikin takardar da aka rubuta "ƙasa", za ta iya ce maka babu, alhali kalmar ta cika shafin. Rubutunmu kuwa a warwatse yake. Wasu jaridu suna sa ƙugiya, wasu ba sa sawa. Tsofaffin littattafai wasu ɗigo suke sawa a ƙarƙashin harafi, wasu alama a gefensa. A Nijar ana rubuta ƴaƴa, a Najeriya 'ya'ya. Wanda ya nema da siga ɗaya ya tsaya, rabin abin da ke akwai kawai ya gani.

Sunaye sun fi haka rikici. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana fitowa a Usman dan Fodio a Turanci, Uthman ibn Fudi a rubutun masana Larabci, Ousmane dan Fodio a Faransanci, ga kuma sunansa da baƙaƙen Larabci. Clapperton da ya iso Kano da Sakkwato a 1824 ya rubuta Sackatoo da Kashna da Zegzeg, yana nufin Sakkwato da Katsina da Zazzau. Kalmar Hausa kanta za ka same ta a Houssa da Haussa da Haoussa. Littattafan matafiya irin Clapperton, har da na Barth wanda ya shiga Kano a 1851, suna nan kyauta a archive.org, kuma ana iya neman kalma a cikinsu, amma sai ka san yadda mai littafin ya ji sunan a kunnensa. Ɗaliba mai aikin goro, in ta rubuta Gwanja kaɗai, kaɗan za ta samu. Sai ta gwada Gonja, ta gwada Salaga, babbar kasuwar da fatake ke dosa kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa ta. Sai ta tuna Bafaranshe Binger ya ratsa Salaga a 1888, littafinsa kuma yana Gallica, ma'ajiyar intanet ta babban ɗakin karatun Faransa. Shi ya sa nake ba kowane ɗalibi shawarar ya ware shafi guda a littafin rubutunsa, ya jera duk sigogin kowane suna da ya ci karo da su, yana ƙarawa yana tafiya.

Injin nema yana jin wasu 'yan umarni da ke rage hayaniya. In ka sa kalmomi tsakanin alamun zance, zai kawo su a jere yadda ka rubuta. Alamar debewa a gaban kalma tana fitar da ita, ka ga mai neman kola sai ya kori lemon kwalba daga sakamakonsa. Rubuta filetype:pdf yana kawo takardu zalla, site:edu.ng yana tsare neman a jami'o'in Najeriya, site:edu.gh a na Ghana. Ta haka ake faɗawa cikin kundayen digiri da ke ajiye a wurare irin su Kubanni ta Jami'ar Ahmadu Bello da UGSpace ta Jami'ar Ghana, ayyukan da aka sha wahala a kansu amma ba sa fitowa a shafin farko na nema. Na sha ganin ɗalibi yana cewa ba a taɓa rubutu a kan garinsu ba, alhali akwai kundi uku a Zariya.

A Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004, abin da ya fi daraja shi ne ɗan layin da ke ƙarƙashin kowane sakamako mai nuna waɗanda suka ambaci aikin daga baya. Ka samo ginshiƙi ɗaya a fagenka, misali littafin Paul Lovejoy a kan fataucin goro na Hausawa, wanda aka buga a Zariya a 1980. Manazartarsa za ta kai ka baya, ga waɗanda ya karanta. Wancan layin kuma zai kawo ka gaba, ga waɗanda suka karanta shi, suka yarda ko suka yi gardama. Isnadi ke nan ta fuska biyu.

Za ka yi ta cin karo da maƙalar da aka kulle sai an biya dala talatin ko arba'in. Kada ka yi saurin haƙura. Unpaywall, ƙaramar manhaja ce ta burauza, tana duba ko marubucin ya ajiye halastaccen kwafi kyauta a wani wuri, in akwai sai ta nuna koren kwaɗo a gefen shafi. JSTOR yana barin mai asusun kyauta ya karanta adadi mai yawa na maƙalu duk wata. AJOL ta tara mujallun Afirka, DOAJ ta tara waɗanda karatunsu kyauta ne, Persée kuma taska ce ga mai karanta Faransanci. Ka je ka gaida ma'aikacin ɗakin karatun makarantarku ka tambaye shi abin da aka yi rajista, domin sau da yawa akwai ƙofar da aka biya wa kuɗi ba mai shiga. In duk ta ƙi, rubuta wa marubucin wasiƙa cikin ladabi. Masana da yawa suna murna a nemi aikinsu.

Game da injinan hira irin su ChatGPT, suna da amfani wajen warware maka abin da ya shige duhu ko ba ka kalmomin nema da ba ka yi tunaninsu ba. Sai dai suna iya ƙaga sunan littafi da marubuci da shekara, su jera su tsaf kamar gaske. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da injin ya ƙirƙira, ba su bincika ba. Duk madogarar da inji ya ba ka, ka neme ta da kanka. In maƙala ce ta zamani, galibi tana da lambar DOI mai farawa da 10, ka liƙa ta a doi.org ka ga ko za ta kai ka ga abin da aka ce. Abin da ba ka buɗe ka karanta da idonka ba, kada ya shiga Zotero ɗinka.

Na san da yawa daga masu karanta wannan littafi ba su da kwamfutar kansu, a shagon intanet ko ɗakin kwamfuta na makaranta suke aiki, ana lissafa musu awa. Shirin bai gagare su ba. Ka buɗe taga ta sirri, wadda ba ta barin tarihi da kalmomin sirri a kwamfutar bayan an rufe ta, amma ka sani ba ta ɓoye ka daga mai shagon ko kamfanin sadarwa. Asusun Zotero yana buɗuwa ta shafinsu na intanet daga kowace kwamfuta, kana iya ƙara maƙala da lambar DOI ɗinta kawai. Shafin da ka ga zai yi maka amfani, danna Ctrl da P ka zaɓi ajiye shi a matsayin PDF, ka tabbata adireshi da kwanan wata sun fito a jikinsa, ka zuba a filashi, in ka koma gida ka tura wa kanka kwafi ta imel. In saura minti biyar lokacinka ya cika, daina nema, ka rubuta a littafinka kalmomin da ka gwada yau, da waɗanda suka kawo abu, da inda ka tsaya. Sannan ka fita daga kowane asusu ɗaya bayan ɗaya, ka rufe tagar, ka cire filashinka kafin ka ba na bayanka kujera.